Ramin da Muka Haƙa Ranar Suna

Shekarar da burtsatsen Karare ya lalace, bazara ce, hadari kullum ya haɗo ya watse. Rijiyar unguwa ta koma laka. A cikin wannan hali matar ɗana ta sauka, aka sami namiji. Ranar suna ta zo, dangin mai jego sun taso mota guda daga Safana, tuwo kuwa ba a tuƙa shi da yawu.

Ni aka duba, don an san ni da gane inda ruwa yake kwance a ƙarƙashin yashi. Ba wani asiri ba ne. Malam-buɗe-littafi nake bi, fararen nan masu ɗan ruwan ɗorawa a fiffike, waɗanda suke saukowa daga kan dutse in rana ta ɗaga. Ba sa zama a ƙasa sai inda akwai danshi. Haka na taso na ga tsofaffi suna yi.

Da hantsi muka fita, mu mata biyar, da fartanya da ƙoƙuna da jarkoki. A busasshiyar ƙoramar gindin dutse na hango su, sun yi cincirindo wuri guda, suna buɗe fiffike suna rufewa. Na yi bismillah, na nuna da ƙafa, na ce, "Nan."

Muka haƙa har gwiwa. Sama da danshi, ƙasa a bushe. Ƙanwar mijina ta ɗago kai ta ce, "Yaya, wurin nan fa yana da wani irin ƙamshi."

Na ce, "Haƙa dai."

Muka haƙa har ƙugu. Ana nan sai ga wata Bafillatana mai tallan nono. Ta sauke ƙwarya, ta gaishe mu, ta tambayi gida da gajiya da zafin rana, sannan ta leƙa ramin.

"Inna, wa ya rasu?"

"Ruwa muke nema."

Ta dubi ramin, ta dube ni. "Ayyo. Nan shanunmu suka tsaya da safe. Baƙin bijiminmu ya daɗe yana fitsari a wurin, har sai da na tausaya masa."

Ba wadda ta yi dariya, don fartanyar tana hannuna.

Ita ce ta kai mu can sama, gindin wani ɓaure, inda makiyaya suka yi tono suka rufe da ƙaya. Ruwan yana tsattsafowa a hankali, sai mu jira ya taru mu kwashe da ƙoƙo. Jarka huɗu muka cika, ta biyar ta koma gida yadda ta zo.

Sai bayan la'asar tuwo ya sauka. Direban motar Safana ya gaji da jira, yana ta danna hon a ƙofar gida. Muka ƙulla wa baƙi nasu a leda, suka hau mota yana ƙona musu cinya. Ba wanda ya tafi da yunwa, sai dai a hanya suka ci.