Karofin da Albarka Ya Ƙi Binnewa

Kafin rana ta ɗago, Albarka marini yana bakin karofinsa a Kalgo, muciya a hannu, yana juya baba yana sansanar kumfa. Hannayensa sun yi shuɗi tun yana saurayi, har sabulun salo ya haƙura da su. A da marinar nan ramuka ne birjik, har Gwandu ake labarinta. Yau ɗaya kawai ke da rai, wanda mahaifinsa ya gina ya shafe da katsi, lakar nan da baba ke bari a gindin rami.

Ba lalaci ya kashe sauran ba, a faɗi gaskiya. Tun da Turawa suka karɓi ƙasa, akoko, yadin nan nasu mai arha, yake kwarara kasuwa ba mai tare shi. Mu kuwa kowane rami sai an biya masa haraji, ko yana aiki ko ya bushe. Audugar da masaƙa za su saya ma, 'yan kamfani sun riga su gona. Saƙin da za a rina ya yi wuya, marina suka bi ramukansu da ƙasa don kada a ƙirga musu. Ranar da Garba, maƙwabcin Albarka, ya binne nasa, ya ba shi shawara ya bi sahu ya huta.

Albarka ya ce, "Wanga rami ubana ya gina shi. Ba ni zuba mai ƙasa da hannuna."

Maimakon haka sai ya sayo akokon, ya jiƙa a gulbi, ya dafa da ruwan toka har sitacin da ke hana shi shan baba ya fita. Matarsa Hajjo ta zauna da allura tana tattare yadin tana ɗaurewa. Da aka rina aka kwance, sai ga fari cikin shuɗi, jere kamar ƙashin bayan kifi. Matan masunta suka raɗa masa suna ƙayar kifi, amare daga Dodoru har Dalijan suka ce sai shi.

Ana haka wani Bature mai rangadi ya tsaya a marinar, ya yaba, ya ce hukuma tana tare da masu dabara. Albarka ya zaɓi zane mafi kyau ya miƙa masa kyauta, don a gidansu ba a sallamar baƙo hannu rabbana. Ga taimakon da ya biyo baya: ba a daɗe ba kantuna suka cika da ƙayar kifi bugun inji, mai arha kamar banza. Harajin rami kuwa ko kaɗan ba a sassauta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan abu yana ci mini rai har yau.

Hajjo ta yi kuka, sannan ta sake sa zare a allura. Suka fito da sabon ado mai suna sawun zalɓe, da aka kwafe shi suka fito da wani. Kullum inji yana bayansu da shekara guda. Na kuma ga wata tsohuwa a kasuwa ta goga na kanti a hannunta, ta duba ba ta ga komai ba, ta ajiye. Ta ce, "Zanen da bai bar shuni ga jiki ba, ba rini na ba."

Kai ne ka riƙe ramin nan, Albarka, ranar da masu iko suka so a rufe shi. Ba su ɗauke maka komai ba sai zanenka. Mun gode maka, kai da Hajjo, Allah ya ƙara wa hannayen nan ƙarfi. Ku masu sana'a, kada ku jira tallafin wanda kasuwarku yake nema, ku je Kalgo ku ga yadda ake yi.

In kun je kada ku yi mamakin tarin ƙasa a gefen marinar. Garba ne yake tone nasa ramin.