Kwalbar da Na Ajiye a Firijin Inna

Wata da watanni na yi ina jiran kwalbar nan, alhali tsawonta bai kai ɗan yatsana ba. A cikinta akwai sinadarin da zan ƙarasa bincikena da shi a jami'a, a Sakkwato. Aikina a kan wani furotin ne da ke manne ƙwayoyin jiki da juna, kamar siminti tsakanin bulo. Idan ciwon daji ya shiga, mannewar takan lalace. Sinadarin rina furotin ɗin kawai yake yi don a gan shi a na'ura. Ko ƙurji ba ya warkarwa.

Wani abokin karatuna ne ya taho da ita daga ƙasar waje, ya miƙa mini a tashar Anka cikin kula mai ƙanƙara, ina hanyar zuwa gida Gummi hutun Sallah. Na sa ta a firijin Inna mai aiki da sola, na roƙi kowa ya bar mini ita. Inna ta tambaye ni ko mene ne, na yi bayani har bakina ya bushe. Ashe abu ɗaya ne ya shiga kunnenta: ciwon daji. Kafin a sauko daga Idi, unguwa ta ɗauka cewa na zo da magani.

Washegari na je fadama gaida kawuna. Da na dawo sai na tarar da babur a ƙofar gida, duk ya sha taɓo. Wani dattijo ne daga Adabka ya kawo matarsa, tana kwance a tabarma, ta rame ƙwarai. Inna na tsaye da kofin silba a hannu. Ashe har ta buɗe kwalbar, ta ɗauraye ta cikin ruwa kamar yadda ake wanke allo, ta yi bisimilla ta ba matar ta shanye.

Raina ya ɓaci. Na ja Inna ɗaki.

"Inna, ba magani ba ne! Na gaya miki, na bincike ne!"

"To ina amfaninai, in mutum na mutuwa shi ko shina kwance cikin firiji?" in ji ta. "Kai dai ka cika rowa tun kana ƙarami."

Rowa! Shekarar karatu ta tafi a kofin silba, ni ne kuma marowaci.

Na fito ina huci. Dattijon ya kama hannuna da hannu biyu yana ta sa mini albarka, ya tambaye ni yaushe za su dawo shan na biyu. Na ce masa gaskiya, Baba, wannan ba ya magani, a kai ta asibiti.

Ya sake hannuna a hankali.

"Can muka hito, ɗana," ya ce. "Su sunka ce mu koma gida."