Gidan Zanzaro a Hancin Jirgi

Ko da Allah zai ƙara mini wasu shekarun kamar waɗanda na ci, ranar da jirgin sama ya fasa tashi da mu a Kumasi ba za ta fita daga raina ba.

Da safe aka bugo waya daga Akra, wai naƙudar autata ta yi tsanani, likita zai yi mata aiki, kuma ba ta kiran sunan kowa sai nawa. Ni da na tsufa ina sayar da goro a kasuwar Kejetia, babu hanyar da ban bi da mota ba, amma sama ban taɓa hawa ba. Babban ɗana, wanda yake tuƙin motar haya ta trotro a tashar Sofoline, ya ce, "Mma, mota ba za ta kai mu da wuri ba. Jirgi za mu hau."

Damina ce, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, kowa yana cewa a yi sauri kafin ruwa ya sauko. Muka shiga, aka ɗaure ni da ɗamara kamar huhun goro. Jirgi ya fara gudu, ya ƙara, ya ƙara, har bayana ya manne da kujera. Ina jiran in ji mun rabu da ƙasa, sai birki! Goshina ya kusa dukan kujerar gaba, tasbahata ta tsinke. Wata Ba'asantiya a gefena ta ƙwalla "Awurade!", wato ya Ubangiji, ta damƙe hannuna, ni kuwa ina ta Innalillahi. Ta taga na ga inda kwalta ta ƙare, ciyawa tana gabanmu kaɗan.

Na ce, "Me ya faru? Taya ce ta fashe?"

"Mma, ki bari in ji mana," in ji ɗana, don matuƙin yana magana da Turanci. Ya ƙanƙame hannun kujera, shi da yake cika baki wai bai san tsoron hanya ba.

Da aka mayar da mu ɗakin jira, matuƙin ya zo da kansa, da 'yar jar laka a tafin hannunsa. Ɗana yana fassara mini. Ashe a hancin jirgi akwai wani siririn bututu da iska ke shiga, shi yake gaya wa matuƙi irin gudun da yake yi. Jirgin ya kwana biyu a ajiye ba a rufe bakin bututun ba, zanzaro ya shiga ya yi gini. Garin gudun hadari, an zagaya jirgin amma ba a leƙa ramin ba. Suna cikin gudu sai allurar ma'aunin gudunsa ta faɗi ɗaya, ta mataimakinsa ta faɗi wani, ya rasa wadda zai gaskata, ya taka birki.

Zanzaro! Wannan da yake toshe mini bakin buta, har sai na hura kafin in zuba ruwan alwala. Da mun tashi fa? 'Yata tana can ƙarƙashin wuƙa tana kirana, a ce mata me?

Sai bayan la'asar aka kawo wani jirgin. Ta gilashi nake kallon matuƙinsa yana zagayawa, yana duƙawa, yana haska tocila a kowane rami. Wani mai kwat, wanda bai ga abin safe ba, ya ja tsaki, wai ana ɓata masa lokaci.

Na ce masa, "Ɗan nan, in kana sauri ga tashar mota can. Bar shi ya leƙa."

Na isa asibiti an riga an fito da ita. Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Mma, kin makara." Na ɗauki jaririyar na ce, "Na makara, amma ai na zo."

Tun ranar ba na tsawata wa mai duba abu kafin tafiya, ko ɗana ne yake zagaya motarsa ina tsaye a rana. Sai in nemi inuwa in zauna, ya gama leƙensa.