Sista Lami da Barcin Injiniya

Ƙarfe bakwai da rabi Sista Lami take buɗe ɗakin shan magani na kamfaninmu na roba da ke Sharada, yau shekara ashirin da shida ke nan. Ta ɗora ruwan zafi, ta goge tebur, ta zauna jiran mu. Ka je mata da ciwon kai, sai ta fara: "Ku 'yan asalin ina ne? Akwai maganin da ya taɓa wahalar da mahaifinka?" Har muka laƙaba mata suna Mai Binciken Aure. Ni Sule ni ne kan gaba wajen yi mata wannan tsiya, don haka yanzu da za ta ajiye aiki ƙarshen watan nan, ni ya kamata in fara magana.

Shekara huɗu da suka wuce kamfani ya sayo sabon inji, aka turo wani injiniya daga China, Mista Liu, ya haɗa shi. Raɗe-raɗi ya cika ko'ina cewa ranar da injin ya tashi za a sallami rabinmu. Ni aka haɗa da shi, ina miƙa masa sifana. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa, amma mun shaƙu. Wata safiya ya sunkuya ya kasa miƙewa, ya dafe ƙugu. Ni kuwa ga ƙwayar ciwon baya da likita ya rubuta min a aljihu, wadda nake haɗiye biyu in ci gaba da aiki garau. Baƙo yana ciwo a garinmu, ina da magani, in hana shi? Na ba shi biyu, har da ruwan korawa.

Kafin azahar Mista Liu ya miƙe a kan buhuna yana minshari. Aka kira sunansa, aka girgiza shi, Nura direba ya danna masa hon na babbar mota. Ya dai buɗe ido ɗaya, ya yi murmushi, ya koma. Manaja ya iso yana huci, aka nuna ni.

"Guba ka sa masa don kada injin ya tashi," in ji shi. "A kira 'yan sanda."

Wallahi tsoro ya kama ni. Aikina na shekara goma sha biyar zai tafi, ni kuma in kwana a bayan kanta.

Sai ga Sista. Ba ta kalli kowa ba. Ta duba numfashinsa, ta juya shi ta gefe, ta yi wa likita waya, ta ce Nura ya kawo ƙaramar mota a kai shi asibiti. Sannan ta karɓi kwalin maganin ta karanta, ta dubi manaja.

"Ranka ya daɗe, Sule ba mugu ba ne. Sakarai ne kawai."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

"To shi Sule me ya hana shi barci, tunda ya ce biyu yake sha?" in ji manaja.

"Hantar kowa da irin yadda take narkar da magani, kuma gado ne. Ta wani da sauri, ta wani a hankali, sai maganin ya daɗe a jini. A irin wannan maganin, masu jinkirin sun fi yawa a mutanen ƙasashen su Mista Liu. Ba dukansu ba, kuma a cikinmu ma akwai. Shi kuma Sule jikinsa ya riga ya saba. A jira likita. In ya ce guba ce, ka haɗa ni da shi ka sallame mu."

Washegari da hantsi Mista Liu ya farka ya nemi shayi. Likita ya ce babu wata guba. Shi kuwa Mista Liu ya sa wayarsa ta fassara mana cewa mahaifiyarsa ma haka take, rabin ƙwaya ke kwantar da ita wuni guda, kuma tun da ya zo Kano bai yi barci mai daɗin wannan ba, ko Sule yana da saura? Sista ta ƙwace sauran ta kulle a durowa. Kwana uku Mista Liu yana ɗaure noti yana hamma. Injin ya tashi, ba a sallami kowa ba.

Sista, ke ce kika hana mu rabon magani kamar goron suna. Ke ce kika gano Talatu ta sashen ɗaure kaya ba ta jituwa da wani maganin zazzaɓi, don kawai kin tambayi yadda ya yi wa yayanta. Masu aikin asibiti na kamfanonin Challawa da Bompai, ku yi koyi da ita: ku tambaya kafin ku miƙa, ko da za a sa muku suna. Mu kuma mu bar maganinmu a aljihunmu.

Ranar nan da kin yi shiru, ba mai ganin laifinki, don ni na jawo wa kaina, kuma ni ne na fi kowa yi miki dariya. Amma kika ɗora aikinki a kan nawa. Na gode, Sista. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai albarka.