Ramin Ɗan Buhu da Kwanon Malam Bello

Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar shagon Yaya Garba a unguwar New Bell ya san ba a zama ta damansa. Dalili kuwa ƙafarsa ce. Idan yana riƙe da manet, wato abin dannawa na wasan talabijin, mu nan tele muke cewa, ɗan mutumin da ke cikin wasan ya yi tsalle, to ƙafar Yaya ta dama ita ma sai ta tashi. Ta harbi buta, ta harbi kofin shayi, ta taɓa samun surukinsa a ƙwauri ranar da ya zo gaisuwa da sabuwar shadda. Bawan Allah yana ɗingishi yana murmushin kunya, Yaya ko juyowa bai yi ba. Cewa ya yi, "Wa ya ce ka tsaya a bakin rami?"

Ni ɗan baffansa ne, Hamisu, mai aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa. Ban taɓa son wasan ba, har gobe kuma ina ganin bai kamaci mai furfura ba. Na faɗa masa, ya ji, ya ci gaba. Amma tunda a gabana aka yi komai, zan bi labarin daki-daki, don na ji matasa sun fara ba da shi kai a ƙasa.

Sana'arsa gyaran tele da rediyo. Wasa kuma guda ɗaya tak yake yi, a tsohuwar tele mai ƙusumbi wadda sai an mare ta a gefe take kawo hoto. Kaset ɗin wasan ya saya ne tun yana saurayi a wajen wani mai baza kaya a ƙasa. Rubutun jikinsa ba Faransanci ba, ba Turanci ba, ba wanda ya iya karantawa, saboda haka unguwa ta raɗa masa suna Ɗan Buhu. Wani ɗan guntun mutum ne da buhu a baya, yana gudu, yana tsallake ramuka, yana tsintar wasu abubuwa masu kama da mangwaro. 'Yan dakon tasha sun ce nasu ne, har suna tambaya ko an biya shi.

Matsayin Yaya a kan wannan wasa ɗaya ne: waɗanda suka ƙera shi ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Duk abin da ka gani a ciki da dalilinsa. In ka mutu, babban yatsanka ne.

Mai ja da shi kuwa shi ne Malam Bello, Bafillacen Ngaundere mai sayar da turare da huluna a shagon da ke jikin nasa. Abin da matasa ba su sani ba, Malam Bello bai taɓa taɓa manet ba a rayuwarsa. Kallo kawai yake yi, hannu a baya, yana gyara wa Yaya tsalle. Tare suka tsufa. Kullum bayan magariba ana kawo kwano daga gidan Yaya, ana kawowa daga gidan Malam Bello, a haɗa a tabarma ɗaya a ci, kamar yadda iyayenmu suke yi. Kowa kuma ya san miyar gidan Bello ta fi, Yaya ma ya sani, ko da yake bai taɓa furtawa ba.

Gardamarsu ta farko da na riƙe a kan ruwa ce. Malam Bello ya ce hankali ba zai ɗauka ba, mutumin da ke faɗowa daga saman bene ya miƙe ya ci gaba da gudu, amma ruwa iya idon sawu ya taɓa shi ya mutu nan take. Ya ce wanda ya tsara haka bai taɓa wanka ba. Yaya ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya nuna kwatar da ke wucewa gaban shago, lokacin damina ce, ta cika ta yi baƙi. Ya ce Malam Bello ya sa ƙafa ɗaya a ciki, in ya kai Juma'a da ransa, shi zai yarda masu ƙira sun yi kuskure. Malam Bello ya dubi kwatar, ya ce a bar maganar ruwa.

Sai ta komawa baya. A wasan, in ka wuce wuri ba ka iya juyawa, ko da ka bar mangwaro a bayanka kana ganinsa. Malam Bello ya ce wannan zalunci ne, ko kurkuku ana barin mutum ya zaga. Yaya ya tambaye shi shekara nawa ke nan yana cewa baɗi zai koma Ngaundere ya sayi shanu. Aka yi dariya, Malam Bello ya kira shi Kaɗo marar kunya, Kaɗo kuwa haka Fulani ke kiran Bahaushe, aka kawo abinci, aka ci.

Akwai kuma maganar ajiya. Ɗan Buhu ba ya tuna inda ka tsaya. Rai uku ne, in sun ƙare ka koma farko, in aka ɗauke wuta ma ka koma farko. Matasan da ke zuwa cajin waya suka riƙa gaya masa wasannin yanzu suna ajiye maka wurinka. Ya ce wannan ba wasa ba ne, reno ne. Amma in ya yi nisa aka kira salla, sai ya tsayar da wasan, ya lulluɓe na'urar da zanen teburi, ya kafa doka kada kowa ya kusanci soket. Wata rana Yaya Asabe, matarsa, ta aiko a jona mata dutsen guga saboda nasu ya ƙi, aka zare abin da bai kamata a zare ba. Da ya dawo daga masallaci ya ga tele baƙi ƙirin, ya daɗe a tsaye. Muka zaci za a yi tashin hankali. Sai ya zauna ya ce ba komai, masu ƙira sun san akwai mata a duniya, shi ya sa suka yi matakin farko da sauƙi.

Duk waɗannan gardama ce ta cika baki, a tashi lafiya. Wadda ta ɓata abu ita ce ta ramin ƙarshe.

A matakin ƙarshe akwai wani rami mai faɗi, ba a ganin ɗaya gefen. Yaya ya kai bakinsa sau ba adadi, bai taɓa tsallakewa ba. Ya yi da gudu, ya yi daga tsaye, ya yi daga ƙarshen gaɓa har rabin ƙafar Ɗan Buhu na lilo a iska. Kullum ƙasa. Shi dai yana cewa akwai dabara, shi ne bai gano ba tukuna. Malam Bello kuma yana cewa babu wata dabara, mugunta ce, an yi ramin ne don kada kowa ya ga ƙarshe. Wata magariba, Yaya ya faɗa ramin da ransa na ƙarshe, Malam Bello ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi dariya a gaban baƙi, ya ce Garba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kare mutanen da suka mayar da shi wawa.

Yaya ya ajiye manet a hankali. Ya ce daga yau hannunsa da na Bello ba za su sake haɗuwa a kwano ba, sai ɗayansu ya ce ya yi kuskure.

Na ɗauka zancen yini ɗaya ne. Damina ta wuce, azumi ya zo ya wuce, suna nan. Tabarma ɗaya, amma Yaya ya juya baya yana cin nasa, Malam Bello ya juya baya yana cin nasa, ni a tsakiya kamar ɗan sandan kan hanya. Gaisuwa suna yi, don Yaya ya ce gaba haramun ce, shi kwano kawai ya hana. Gardama ma ba su fasa ba, sai dai ta bakina take bi. Yaya zai ce, "Hamisu, gaya wa mai turaren nan gajimaren da ke saman ramin alama ce." Malam Bello zai ce in gaya wa Kaɗon nan gajimare alamar ruwa ce, ba ta hankali ba. Suna jin juna sarai, tsakaninsu bai kai tsawon sanda ba.

Abin dariya ne a baki, amma ni da nake zaune na ga abin da yake ci. Yaya ya rame. Ƙamshin miyar gidan Bello na dukan hancinsa, yana tura nasa tuwon kamar magani. Malam Bello kuma ya daina tsayawa kallo, ya koma cikin shagonsa yana jera kwalaben da ya riga ya jera. Har ya fara maganar Ngaundere da gaske, ya tambayi kuɗin mota. Liman ya yi magana, Yaya Asabe ta yi, ni ma na zaunar da su na jera musu dalilai ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu ya ce dalilaina masu kyau ne, in gaya wa ɗayan.

Abin da ya warware shi aiki ne ya kawo. Wata mata daga unguwar Bepanda ta zo da tsohuwar na'ura irin ta Yaya, ta ce ta ƙaninta ce da ya zauna ƙasar waje, tana so a gyara wa jikokinta. A cikin kwalin har da kaset, mai nauyi, mai hoto fes. Da Yaya ya gama gyara ya sa don gwaji, sai ga Ɗan Buhu, launinsa ma ya fi haske. Ranar Lahadi ce bayan la'asar, ina wurin. Ya ce gwaji sai an kai ƙarshe, ya gyara zama. Kiɗan ya jawo Malam Bello, ya fito ya tsaya daga nesa, yana yi kamar hula yake kaɗewa.

Yaya ya bi matakan nan kamar hanyar gidansa, bai rasa rai ko ɗaya ba. Ya iso bakin ramin. Sai ga wani katako ya fito daga dama, yana tafe a iska a hankali, ya zo tsakiyar ramin, ya koma, ya sake dawowa.

A kaset ɗin Yaya babu wannan katako, bai taɓa kasancewa ba. Ashe nasa kwafi ne na masu satar fasaha, wurin kwafar suka yar da katakon. Shekara da shekaru yana tsalle a ramin da ba mahalukin da zai iya tsallakewa.

Malam Bello ne ya fara. Ya matso, hannu a baya, ya ce, "Garba, na ce maka ba ya tsallakuwa."

Yaya ya ce, "Ni kuma na ce maka masu ƙira ba su cuci kowa ba. Ga katako sun sa. A hanya aka sace." Sai ya juyo kaina. "Kai Hamisu, ku ne masu fitar da kaya. A wane kwantena kuka bar min katako?"

Na ce ina makaranta lokacin da ya sayi kaset ɗin. Ya ce wannan ba hujja ba ce.

Muka ce to ya hau katakon mana, mu ga ƙarshen da aka daɗe ana jira. Ya dubi katakon yana kaiwa yana komowa, ƙafarsa ta dama har ta ɗan ɗaga. Sai ya kashe na'urar, ya naɗe waya, ya ce kayan mutane ne, gwaji aka ce, ya gwada, yana aiki. Malam Bello ya roƙe shi, shi da bai taɓa roƙon kowa ba. Yaya ya ce a'a.

Da magariba aka shimfiɗa tabarma. Kowa ya zuba ido ya ga wa zai ce ya yi kuskure. Ba wanda ya ce. Yaya ya wanke hannu, ya jawo kwanon gidan Bello gabansa, ya buɗe, ya kai loma, ya kai ta biyu, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Malam Bello ya sa hannu a kwanon shi ma, ya ce ai tun da Kaɗo ya daina ci aka rage, don ba a ɓarnar gishiri a kan mutanen kirki. Suka cinye tas, ni ko ɗanɗano ban samu ba. Maganar Ngaundere ba a sake yin ta ba.

Bayan haka na zaci zai jefar da kaset ɗinsa. Ina! Washegari na same shi a bakin ramin, ya ja baya, ya taho da gudu, ya faɗa. Na ce, Yaya, yanzu fa ka san babu katako. Ya ce ya sani. Ya ce amma shi da wannan ɗan tahalikin tun suna samari suke faɗawa tare, ba zai bar shi ba don ya ga na gidan masu kuɗi.

A daminar da ta biyo ya kwanta, ciwon bai daɗe ba. Malam Bello ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Har yau bayan magariba kwanon gidan Bello yana zuwa ƙofar shagon, ya zuba rabi a wani kwano ya aika wa Yaya Asabe, sannan mu ci sauran, ba mai gardama, abincin ba ya tafiya.

Allah ya jiƙan Yaya Garba, ya yafe masa taurin kansa da namu. Bai zargi kowa da mugunta ba, ko mutanen da bai taɓa gani ba. Ya Allah, tsallaken da ke gabansa yanzu, ka sa ya samu wurin taka ƙafa, ka sauke shi lafiya a ɗaya gefen. Amin.