Famfon da Ɗangiwa ya hana aro

Ɗangiwa ya fi rabin rayuwarsa da famfon feshi a baya. Daga Dogon Daji har ƙauyukan Kebbe, duk mai gonar wake ya san tafiyarsa, kafaɗa ɗaya a karkace, riga tana warin magani ko ranar Juma'a. Ba mai surutu ba ne. In ka nuna masa gona ya fesa, in ka ja shi da hira ya ce rana na yi.

Da ƙarfi ya fara raguwa sai Hajiya Batula, tsohuwar malamar makaranta, ta ɗauke shi ya kula mata da rumfar raga da ta kafa a bayan gari, mai rufin leda, inda take noman tattasai da kokwamba. Abin da ya addabi rumfar wani jan ƙwaro ne, bai kai ƙwayar gero ba, mai tsotse ganye yana yi masa saƙa. An fesa har an gaji, ya saba da magani. Sai Hajiya ta yi odar wasu ƙwarin a kwalba, gauraye da dusa, ta ce su ne masu cin jajayen.

Ɗangiwa bai yi musu ba, bai kuma yarda ba. Ya barbaɗa dusar a ganye, ya sa ido. Wata safiya ya duba da gilashin ƙara girman abu da ta ba shi, ya ga baƙon ya danne ja yana tsotsewa. Daga nan ya riƙe su kamar tumakinsa. Ƙwarin ba sa son bushewa, don haka Hajiya ta sayo sabon famfo, ruwa zalla ake zuba masa ana yi musu raɓa. Ta gargaɗe shi cewa ko ɗigon magani ya taɓa shiga ciki, ɗauraya ba ta fitar da shi, kuma ƙwarin kwalba masu aikin za su fara mutuwa kafin jajayen ɓarayin.

Ana nan waken maƙwabcinsa Tambaya ya yi fure, tsutsa ta faɗa masa. Tambaya ne ke ba shi shanun huɗa kowace damina tun suna samari, ba a taɓa maganar lada ba. Ya zo bakin rumfa da kwalbar magani a aljihu.

“Makiyayin ƙwari, a gaishe ka da kiwo! Sun ƙoshi?”

“Sun fi shanunka aiki.”

“To ara min famfon ga, nawa ya tsage. Da la'asar in maido.”

Ɗangiwa ya dubi famfon, ya dubi mutumin. A garin nan ba a hana aron kayan aiki, ko ga wanda ba ka shiri da shi, balle Tambaya. Ya san dabarar da mutane ke yi, a ce ya lalace ko a ce mai shi ta kulle. Bai iya ba.

“Ba ni ba ka.”

Tambaya ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga fuskar ba ta motsa ba, dariyar ta tsaya.

“Saboda abin da ido ba ya gani?”

“Ni na gan su.”

“To, Allah shi bar ku tare.” Ya karkaɗe riga ya tafi, ko sallama babu.

Ɗangiwa ya gama yi wa tattasai raɓa, bakinsa ba daɗi. Bai bi shi da ban haƙuri ba, don bai san yadda ake jera irin waɗannan kalmomi ba. Ya hau acaɓa zuwa Sanyinna, wurin wani da suka yi feshi tare a da, ya aro tsohon famfo, ya biya kasuwa ya sayi maganin tsutsa.

Washegari da hantsi Tambaya ya isa gonarsa, ya tarar da mutum a tsakiyar wake, hanci ɗaure da tsumma, yana tafiya a karkace yana fesawa. Ya tsaya a kan iyaka, hannu a baya. Ɗangiwa ya gan shi, bai ɗaga kai ba, har ya kai ƙarshen kunya.

“Ka tsallake na gefen gabas,” in ji Tambaya.

“Iska nika jira ta juya. Ko kai za ka koya min?”

“Tsufa dai ya kama ka. Da can da yanzu ka gama.”

Tambaya ya je gindin kuka ya kwance ƙwaryar furar da ya zo da ita, ya dama, ya ajiye ludayi biyu.

Ran nan Ɗangiwa bai shiga rumfa ba. Ya yi wanka da sabulu, ya jiƙa rigar, duk da haka bai amince da jikinsa ba. Da yamma ya zagaya ta waje, ya kara fuska a raga yana leƙe. Sabon tohon tattasai ya fito kore shar, babu saƙa a kansa.