Ƙyauren Kaka da Motar Kawu Sani

A Madarunfa, lokacin kakar gujiya, in mun gama cin tuwo Kaka takan hura wuta da ɓawon gujiya, mu jikoki mu kewaye ta. Ni nakan manne da ita, don tun ina ƙarami kome tsoro yake ba ni.

A wata shekara ne Kawu Sani, autanta, ya samu tuƙin motar wani ɗan kasuwar Maraɗi. Tsohuwar mota ce. Da safe lafiya lau take tashi, amma in ta yi zafi aka tsaya, sai ta kama rawar jiki kamar mai masassara, ta mutu. Mai motar ya ce in ta sake kwana da kaya a hanyar Ɗan Isa, Kawu ya kawo makulli. Kawu ya wanke buji, wato fulogi, ya busa karbirato, babu sauyi. Ran nan ya zauna bakin wutarmu yana ƙunƙuni, wai har supap, wato bawul ɗin injin, ya ɗaure tam don ƙas-ƙas ɗinsu ya dame shi, amma dubi sakayyar da ta yi masa.

 Kaka ta ce tatsuniyarta tana tafe, mu buɗe kunne. Wai wani mutum ne ƙyauren garkensa ke kaɗawa in iska ta taso, har ya hana shi barci. Da rani ya sa masassaƙi ya yi masa wanda ya cika ƙofa, ko tsinke ba ya shiga. Damina ta sauka, icen ya sha ruwa ya kumbura, ƙyaure ya ƙi rufuwa. Kura ta shigo ta ɗauke akuya.

Hankalina ya tashi, na tambaye ta yaya girman filin da ya kamata a bari tsakanin ƙyaure da ƙofa.

"Kai angona, ka cika bin diddigi," in ji ta. "Daidai kumburin da bai zo ba tukuna."

Kawu bai yi dariya ba. Da sassafe, tun injin na da sanyi, ya buɗe murfi ya sassauta supap ɗaya bayan ɗaya, yana zura reza biyu a haɗe don awo. Ƙas-ƙas ya dawo, rawar jiki ta tafi, makulli ya zauna a aljihunsa.

Sai da na girma na koyi gyaran mota na gane cewa ƙarfe in ya yi zafi miƙewa yake, supap ɗin da aka matse ba ya rufuwa, ƙarshe ya ƙone. Kaka ba ta taɓa leƙa inji ba. Har yau ina tambayar kaina, da Kawu take, ko tatsuniyar ce kawai ta faɗo a kan gaba? Ban sani ba. Ni dai nakan auna, in sake aunawa, kuma injin da ya yi tsit ya fi mai surutu hana ni barci.